BAƘIN MAN INJI: NA KAMFANIN DA YA ƘERA INJIN, KO NA WANI KAMFANI?



Duk sa'ad da muka zaga ƙungiyoyinmu na ƙasar Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa gab da fara aikin rani, akwai wata tambaya da ba ta ƙarewa. Ma'aji yakan tashi ya ce, "Mai kanti ya nuna mana galan biyu na baƙin mai. Ɗaya yana ɗauke da sunan kamfanin da ya ƙera injinmu. Ɗayan na wani kamfani ne dabam, kuɗinsa kuwa bai kai na farkon ba. A bakin hanya kuma ga wani ana aunawa cikin kwalba, ya fi su duka araha. To, wanne za mu saya?"

Waɗanda suka fi matsa mana da wannan tambaya su ne samarinmu masu zuwa cin rani wajen masunta a Yawuri da tafkin Kainji, inda suke aiki da kwale-kwale mai inji a baya. Su maganar ta wuce ta kuɗi, domin injin da ya mutu a tsakiyar ruwa yana iya tafiya da rayuka. Mu a nan gida ba mu da babban kogi, amma kusan kowace ƙungiya tana da injin ban ruwa, ko injin niƙa, ko babur, ko ƙaramin janareto. Ka'idar zaɓen mai ɗaya ce ga dukansu. Saboda haka za mu yi bayanin na kwale-kwale da na gida tare.

Ga amsarmu tun da fari. Sunan da ke jikin galan ba shi ke tsare inji ba. Abin da ke tsare shi abu biyu ne: lambar da ke nuna irin man da darajarsa ta dace da abin da littafin injin ya faɗa, kuma man da ke ciki ya zama shi ne na gaskiya. In an sami waɗannan biyu, man wani kamfani yana aiki daidai da na kamfanin injin. In an rasa ɗaya, komai kyan galan, asara za a yi.

YADDA INJUNA SUKA SHIGO GONAKINMU

Dattawanmu suna tune da zamanin jigo da guga, sa'ad da mutum zai wuni yana ɗiban ruwa bai shayar da rabin kadada ba. A shekarar 1975 aka fara shirin raya aikin gona na Funtuwa da taimakon Bankin Duniya, wanda ya haɗa har da ƙasar Faskari da Ƙanƙara. Daga shekarun 1980 ƙananan injunan ban ruwa suka fara yaɗuwa, shirin Fadama na shekarun 1990 kuma ya ƙara baza su. Yau da wuya ka ga lambun tumatir, ko albasa, ko barkono, a fadama ko a bakin dam irin na Mairuwa, ba ka ji ƙugin inji ba.

Amma tun da aka janye tallafin fetur a 2023, darajar naira kuma ta faɗi, kuɗin inji da kayan gyaransa da baƙin mai duk sun hau ƙwarai. Daɗin daɗawa, rashin tsaro a hanyoyinmu ya sa kai inji Funtuwa ko Malumfashi wurin gyara ba ƙaramin abu ba ne. Injin da ya buga a watan Fabrairu, tumatir yana fure, kafin a gyara shi lambun ya ƙone. Shi ya sa maganar mai ta zama maganar abincin gida.

AIKIN DA MAI KE YI CIKIN INJI

Ƙaramin injin ban ruwa yana juyawa wajen sau 3,600 a minti ɗaya. Injin kwale-kwale kuwa, in an buɗe masa wuta duka, yana kai sau 5,000 ko fiye. Ƙarfe yana gudu a jikin ƙarfe, ga zafin wuta. Mai shi ke shiga tsakaninsu. Ayyukansa huɗu ne. Yana sa santsi don kada fistin da boris su ci juna. Yana kwashe zafi daga inda ya taru. Yana wanke dauɗar da ƙonewar fetur ke bari, ya riƙe ta har ranar juye. Yana kuma hana tsatsa.

Kowane baƙin mai na kirki haɗi ne na abu biyu. Akwai tushen mai, wanda ake samu daga matatar man fetur, shi ne mafi yawa. Akwai kuma magungunan da ake zuba masa, watau masu wanke dauɗa, da masu hana ƙarfe cinyewa, da masu hana kumfa, da masu hana man lalacewa in ya sha zafi. Magungunan nan kaɗan ne a awo, amma su ne masu tsada, su ne kuma masu yin yawancin aikin. Kamar fura ce da nono: in an cika ta da ruwa, a ido dai fura ce, amma ba ta riƙe ciki.

WA KE YIN MAN DA KE ƊAUKE DA SUNAN INJIN?

Mutane da yawa suna zato kamfanin da ya ƙera inji shi ne ke yin mansa da kansa. Yamaha da Honda da Suzuki maƙera ne, ba su da rijiyar mai. Abin da suke yi shi ne, su tsara irin man da suke so, su ba masu haɗa mai kwangila, a zuba a galan mai sunansu. Magungunan da ake zubawa kuwa, yawancin na duniya duka daga manyan kamfanoni huɗu suke fitowa: Lubrizol, da Infineum, da Chevron Oronite, da Afton. Saboda haka ba abin mamaki ba ne galan biyu masu suna dabam-dabam su ƙunshi haɗi mai kama da juna.

Wannan ba ya nufin man kamfanin inji yaudara ne. Mai ne mai kyau, an gwada shi a kan injin, kuma mai saye ba ya bukatar karanta wata lamba. In na gaskiya ne, hankalinka kwance. Amma wani kashi na kuɗin da ka biya, kuɗin suna ne da kuɗin shigo da shi daga waje.

A Amurka an yi gardamar nan tun da daɗewa. A 1975 suka kafa doka wadda ta hana kamfani ya ce ba zai cika alkawarin gyaran kayansa ba sai in an yi amfani da abin da ke ɗauke da sunansa, sai fa in shi zai ba da abin kyauta. Shi ya sa in ka buɗe littafin inji, za ka tarar an ambaci man kamfanin, sa'an nan a ƙara da cewa, ko wani mai irin lamba kaza. Wannan lambar ita ce abin nema.

A nan Nijeriya akwai kamfanoni masu lasisin haɗa mai, manya da ƙanana. Akwai irin su TotalEnergies da Mobil da Conoil, akwai kuma na gida irin su Ammasco a Kano da Lubcon a Ilori. Ba ma tallar kowa. Muna dai nuna muku cewa tsakanin man kamfanin inji mai tsada da man kwalba na bakin hanya, akwai hanya ta tsakiya mai faɗi.

A FARA SANIN IRIN INJIN

Kafin a yi maganar suna, tilas a san injin wane iri ne, domin injunan fetur kashi biyu ne.

Na farko shi ne wanda ake haɗa masa mai cikin fetur. Ba shi da tukunyar mai. Man yana bin fetur ya shafe cikin injin, sa'an nan ya ƙone tare da shi ya fita da hayaƙi. A jikin mansa za a ga an rubuta 2T. Yawancin injunan kwale-kwale na kogin Kwara da Kainji irin wannan ne. Haka ma ƙaramin janareton nan na shago, da injin yankan katako, da injin feshi mai ƙugi da ake goyawa.

Na biyu shi ne mai tukunyar mai a ƙasa, wanda ake yi wa juye. Man ba ya ƙonewa, zagayawa yake yi. Yawancin injunan ban ruwa, da baburan yanzu, da manyan janareto, da motoci, irin wannan ne. A jikin man babur za a ga 4T.

Man ɗaya ba ya yin aikin ɗayan. Babban kuskuren da muke gani shi ne zuba man mota cikin fetur ɗin ƙaramin janareto ko na kwale-kwale. Ba a yi man mota don a ƙone shi ba. In ya ƙone yana barin toka da baƙin gawayi a kan filogi da kan fistin, ya toshe salansa, ringin fistin ya maƙale. Injin ya dinga hayaƙi, ƙarfinsa ya ragu, wata rana ya tsaya.

MAN INJIN KWALE-KWALE

Ga 'yan'uwanmu masu aiki a ruwa, lambar da za ku nema ita ce TC-W3. Wata ƙungiyar masu ƙera jiragen ruwa da injunansu a Amurka, mai suna NMMA, ita ce ta kafa wannan ma'auni a farkon shekarun 1990, ya maye gurbin waɗanda suka gabace shi. Kafin a yarda kamfani ya buga wannan lamba, sai an gwada mansa cikin injuna na awoyi masu yawa, a buɗe su a duba ko ringi ya maƙale, ko gawayi ya taru, ko fistin ya karce. Man da ya ci jarrabawa ana ba shi lambar rajista, ana buga ta a jikin galan, ƙungiyar kuma tana fitar da jerin sunayen waɗanda ta amince da su.

Me ya sa kwale-kwale ke da nasa man dabam da sauran injunan 2T? Dalili shi ne ruwan kogi ke sanyaya injin, saboda haka ba ya yin zafi kamar injin yankan katako wanda iska ke sanyayawa. Yana kuma daɗewa yana tafiya da gudu ɗaya. Man da ke barin toka, a irin wannan aiki, tokar taruwa take yi a kan filogi da cikin kan injin. Saboda haka aka yi TC-W3 da magungunan da ba sa barin toka.

Injunan da iska ke sanyayawa kuwa, irin su na yankan katako da na feshi, sun fi zafi, nasu man dabam ne. A jikinsa za a ga JASO FB, ko FC, ko FD, ma'aunin ƙasar Japan ke nan, FD ya fi su duka wanke inji, FC da FD kuma ba su da yawan hayaƙi. Kada a ba injin katako man kwale-kwale, kada kuma a ba kwale-kwale man injin katako, sai in littafin injin ya yarda.

Abu na biyu shi ne awo. Yawancin injunan da masunta ke aiki da su suna son kashi 1 na mai cikin kashi 50 na fetur. Ga lissafin:

Fetur lita 1, mai mililita 20.
Fetur lita 5, mai mililita 100.
Fetur lita 10, mai mililita 200.
Fetur lita 25, mai rabin lita.

Sabon inji, ko wanda aka sake wa fistin, ana ninka masa mai a awoyin farko, watau kashi 1 cikin 25, har ya saba. Amma a duba littafi, domin injuna sun bambanta. Kada a auna da ido ko da gwangwanin tumatir. A sami kwalba mai layin awo, ko babban sirinji, a ajiye don wannan aiki kaɗai. A fara zuba mai da fetur kaɗan a tanki, a girgiza, sa'an nan a cika. In mai ya yi kaɗan, fistin zai kama. In ya yi yawa, filogi zai jiƙe, injin ya ƙi tashi, wataƙila a tsakiyar ruwa.

A nan ne man wani kamfani yake da riba ta sosai. Tun da injin ƙone man yake yi, duk lita 50 na fetur sai an sayi lita 1 na mai. A shekara abin yana da yawa. In an sami TC-W3 na gaskiya mai rangwame, an yi tanadi ba tare da an cuci injin ba.

Har wa yau, kada a manta da man giya na ƙafar injin, wurin farfela. Shi dabam ne, yawanci mai lamba SAE 90. A sake shi wajen kowace awa 100. In ya fito fari-fari kamar madara, ruwa ya shiga, a sake robar da ke tare ruwa tun giya bai lalace ba. Wanda kuma ke da sabon injin kwale-kwale mai tukunyar mai, lambar nasa man ita ce FC-W.

MAN INJIN BAN RUWA, DA NA NIƘA, DA NA BABUR

A jikin galan ɗin irin wannan mai akwai lamba biyu da za a karanta.

Ta farko ita ce SAE, mai nuna kauri. Za a ga SAE 30, ko SAE 40, ko 10W-30, ko 20W-50. In lamba biyu ce, ta farkon tana nuna yadda man ke gudu da sanyi, kamar asubahin hunturu, ta biyun kuma tana nuna kaurinsa sa'ad da injin ya yi zafi. Littafin ƙaramin injin Honda mai lamba GX160, wanda yawancin injunan ban ruwanmu ko shi ne ko kwaikwayonsa, ya ambaci 10W-30, ya kuma yarda da SAE 30 a ƙasa mai zafi. Waɗannan injuna ba su da famfon mai. Wani ɗan cokali ne a ciki yake fantsama man sama. Mai kauri ƙwarai ba ya fantsama da kyau, musamman da sanyin safiya. Saboda haka zancen cewa mai kauri shi ne mai kyau, ba koyaushe yake gaskiya ba.

Ta biyu ita ce API, ma'aunin cibiyar man fetur ta Amurka, mai nuna daraja. Na injin fetur yana farawa da harafin S, sai wani harafi ya biyo baya. Gwargwadon nisan harafi na biyu a jerin abacada, gwargwadon sabuntar man da ingancinsa. SF ya fito a 1980, SL a 2001, SN a 2010, SP a 2020. Littattafan ƙananan injuna na yanzu sukan ce SJ ko abin da ya fi shi. Sabo yana iya maye gurbin tsoho. A yi hattara da SA da SB. Cibiyar da kanta ta ce SA ba shi da magani ko kaɗan, kuma bai dace da injin da aka ƙera bayan 1930 ba.

Injin niƙa mai shan gas, da tarakta, nasu yana farawa da harafin C, alal misali CF ko CH-4. Gas yana barin baƙin toka mai yawa, man fetur zalla ba ya iya riƙe shi. Wasu galan suna ɗauke da C da S tare, irin wannan yana yi wa duka biyu.

Babur kuma yana da nasa sharaɗi. Kulocin yawancin baburanmu a cikin mai yake kwance. Wasu man mota na zamani suna da maganin ƙara santsi wanda ke sa kuloci sulɓi. A nemi mai lamba JASO MA ko MA2.

Ƙaramin injin ban ruwa ba shi da matatar mai, kuma abin da tukunyarsa ke ɗauka bai wuce kashi 6 cikin 10 na lita ba. Littafi ya ce a yi juyen farko bayan awa 20, daga nan kowace awa 100. Amma ya ƙara da cewa in ana aiki mai nauyi, ko cikin zafi, a yawaita. Aikin rani a ƙasarmu, ga ƙurar hunturu ga zafin bazara, aiki mai nauyi ne. Muna ba da shawara a yi juye kowace awa 50. A duba mai kowace safiya kafin a tayar. A kuma girke injin a wuri mai daidai, domin in ya karkata a gangaren rafi, man zai koma gefe guda, cokalin ya dinga dukan iska.

MAN KWALBA DA MAN JABU

Haɗarin da ya fi girma ba daga man wani kamfani mai lasisi yake ba. Daga wuri biyu yake.

Na farko, man da ake aunawa daga duro ko jarka marar suna. Sau da yawa tushen mai ne tsura, ba a zuba masa magani ba. Wani lokaci kuma tsohon mai ne da aka juye daga motoci, aka tace, aka sa masa launi.

Na biyu, man jabu cikin galan mai babban suna. Masu wannan ha'inci suna sayen galan da aka yi amfani da shi, su cika, su liƙe. Kuma sun fi son sunan da ya fi tsada, domin a nan ribar take. Watau mai neman babban suna a kantin da bai sani ba, ya fi kowa shiga tarko. Mun ga wata ƙungiya da ta sayi galan mai sunan kamfanin injinta, a ranar kasuwa, daga hannun mai tebur, da rangwame mai daɗi. Kafin a fara ɗiban albasa injin ya buga. Garin neman ƙiba aka samo rama.

Hukumar kula da ingancin kaya ta ƙasa, SON, wadda aka kafa a 1971, tana sa tambarinta na MANCAP a kan kayan da aka yi a gida suka cika sharaɗi, ta kuma sha kama masu haɗa man jabu. Lasisin haɗa mai kuwa, tun bayan dokar man fetur ta 2021, hukumar NMDPRA ce ke ba da shi. Amma hukuma ba ta iya zuwa kowace kasuwar ƙauye. Tilas mu zama masu gadin kanmu.

Wasu suna gwada mai da yatsa, in ya yi yauƙi su ce mai kyau ne. Wannan ba gwaji ba ne, domin ana iya ƙara wa man banza kauri. Launi ma ba shaida ba ne. Wasu kuma in sun ga mai ya yi baƙi da wuri sai su ce ba shi da kyau. Sau da yawa akasin haka ne. Man da ya yi baƙi ya wanko dauɗa ke nan. Wanda ya daɗe cikin inji yana nan garau, mai yiwuwa ba shi da maganin wanki, dauɗar tana can manne a ciki.

MU YI LISSAFI

A ce ƙungiya tana ban ruwa awa 6 kowace rana, har kwana 100. Awa 600 ke nan. In ana juye kowace awa 50, sau 12 za a yi, man da za a ci bai wuce lita 8 ba. Fetur kuwa, in muka ɗauka injin yana shan wajen lita 1 a awa, lita 600 ke nan. Watau a kan kowace lita ɗaya ta baƙin mai, ana ƙone fetur fiye da lita 70.

To, ku duba. Ko da man kwalba rabin kuɗin na kirki ne, abin da aka tsira da shi a rani duka bai wuce kuɗin lita 4 na mai ba. Ku tambayi bakanike kuɗin fistin da ringi da boris da ladan aiki, ku ƙara da kuɗin mota zuwa gari, da kwanakin da lambu zai yi ba ruwa. Araha dai ba ta ado.

Tsakanin man kamfanin inji da man wani kamfani mai lamba daidai kuwa, ga injin ban ruwa bambancin kuɗin kaɗan ne a shekara, tun da lita 8 ne kawai. A sayi wanda aka fi tabbatar da gaskiyarsa. Ga kwale-kwale da ke cin mai da yawa, a nan ne neman mai rangwame yake da amfani.

SHAWARA GA ƘUNGIYOYI

1. A nemo littafin kowane inji. Magatakarda ya rubuta lambar man da yake so a littafin ƙungiya, a kuma rubuta ta da fenti a jikin injin.

2. In injin sabo ne, mai sayarwa kuma ya ba da alkawarin gyara, a yi amfani da man da ya ce har wa'adin ya cika, a ajiye rasit.

3. A haɗa kuɗi a sayi katan guda tun kafin rani, daga gidan mai na kamfanin ko wurin wakilinsa sananne a Funtuwa, ko Katsina, ko Zariya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukan jinka. Sayen katan yana kawo rangwame, yana kuma hana a aiki yaro sayen na kwalba ranar da mai ya ƙare.

4. A duba murfi ba a taɓa fasa shi ba. A duba sunan kamfani da adireshinsa, da lambar haɗi, da ranar da aka yi shi, da tambarin SON. In rubutun ya dushe, ko akwai kuskure a cikinsa, ko kuɗin ya yi araha fiye da na gidan mai, a bar shi.

5. In an sami mai kyau, a tsaya a kansa. Kada a dinga gauraya iri-iri.

6. A naɗa mutum ɗaya mai kula da kowane inji, ya dinga rubuta awoyin aiki da ranar juye. Inji mai hannu da yawa, ba mai tuna ranar da aka sake masa mai.

7. A wanke matatar iska a kai a kai, musamman da hunturu. Ƙurar da ta shiga mai tana cin ƙarfe kamar yashi, komai tsadar man.

8. A huda kowane galan da ya ƙare kafin a yar ko a sayar, don kada ya dawo mana cike da jabu.

9. Tsohon mai guba ne. Kada a zubar da shi a fadama ko kusa da rijiya. Kada a shafa wa dabba a miki, kada kuma a bar shi ya daɗe a fatar hannu. A tara shi a jarka mai murfi nesa da yara.

10. Kowane irin mai aka sa, kada a tayar da janareto cikin ɗaki ko zaure a rufe. Cikin hayaƙin da ke fita daga salansa akwai wata iska marar wari, tana kuwa kashe mutane cikin barci.

Masu iya magana sun ce, ba girin-girin ba dai, ta yi mai. In kun je kanti bana, ku juya galan ku karanta bayansa, ku gwada da abin da magatakarda ya rubuta. Ƙungiyar da ta rasa littafin injinta, ta aiko mana da sunan injin da lambar da ke jikinsa ta hannun malamin gona na yankinta, za mu nemo mata lambar man da ya dace kafin a fara ban ruwa.

Allah ya ba mu rani mai albarka, ya kawo mana zaman lafiya a ƙasarmu.